Ma'abota Jirgi: Haƙƙin Abokin Tafiya Ba Ya Ƙarewa da Ajiye Kaki

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya hore wa bayinSa teku suna tafiya a kanta da izininSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara akan taru a Abuja da manyan biranen jihohi domin tunawa da sojojin da suka kwanta dama. A ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi addu'a, a watse. Washegari tsohon sojan da ke raye yana nan inda aka bar shi, da hawan jini ko ciwon suga, da kunnen da ƙarar bindiga ko ta injin jirgi ta kashe, ga takardar magani a aljihu babu kuɗin saye. Da yawansu ma ba su san inda abokan aikinsu suke ba, balle a sami mai dubo wani. Ra'ayinmu shi ne, riƙe zumuncin waɗanda suka yi aiki tare a wurin hatsari al'amari ne na addini, kuma shi ne hanya mafi kusa ta ƙwato musu haƙƙinsu na magani. Mun ɗauki sojan ruwa misali ne saboda babu inda rayuwar mutum take rataye da ta ɗan'uwansa kamar cikin jirgi a tsakiyar teku.

Tarihin Musulunci ya san wasu mutane da laƙabin ma'abota jirgi. Abu Musa Al-Ash'ari, Allah Ya ƙara masa yarda, ya taso daga Yaman tare da 'yan'uwansa biyu da mutum hamsin da 'yan kai daga ƙabilarsu, suna nufin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Sai jirgin ya jefa su ƙasar Habasha, inda suka tarar da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da jama'arsa. Suka zauna tare har suka iso gaba ɗaya a lokacin da aka ci Khaibar, a shekara ta 7 bayan hijira. Bukhari ya kawo cewa Annabi ya ba su rabo daga ganimar Khaibar, alhali bai ba wani wanda bai halarci yaƙin ba sai su. Bayan nan Sayyidina Umar ya ce wa Asma'u 'yar Umais, wadda tana cikinsu, su ne suka riga su yin hijira. Ranta ya ɓaci, ta kai maganar gaban Annabi, shi kuwa ya shaida mata cewa Umar da mutanensa hijira ɗaya gare su, ma'abota jirgi kuwa biyu. Asma'u ta ba da labarin yadda Abu Musa da sauran abokan jirgin suka riƙa zuwa wurinta ƙungiya-ƙungiya suna neman ta maimaita musu wannan magana, domin babu abin da ya kai ta daɗi a wurinsu.

Abu uku ne suka fito daga wannan ƙissa. An kira su da sunan jirgin da ya haɗa su, shugaba ya ware musu rabo daga dukiyar jama'a saboda wahalar da suka sha, sannan su da kansu ba su bar zuwa wurin juna ba.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, ya jera waɗanda ake kyautata wa bayan umarni da kaɗaita Allah: iyaye, dangi, marayu, miskinai, maƙwabta na kusa da na nesa, har ya ambaci abokin da yake gefen mutum. Da yawa daga malaman tafsiri na farko sun ce abokin tafiya ake nufi. Idan wanda kuka haɗu a mota daga Kano zuwa Legas yana da haƙƙi a kanka, ina ga wanda kuka shekara goma kuna kwana a ɗaki ɗaya, kuna karɓar gadi daga hannun juna?

Sayyidina Umar ya fahimci wannan ta fuskar mulki. Shi ne ya kafa diwani, wato kundin da aka rubuta sunayen mayaƙa da abin da za a riƙa ba kowa daga baitulmali, ya fifita mutanen Badar saboda rigayensu. Wata rana a kasuwa wata mata mai ƙuruciya ta tare shi, ta ce mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, kuma ita 'yar Khufafu ɗan Ima'u Al-Gifari ce, wanda ya halarci Hudaibiyya. Nan take Umar ya sa aka ɗora wa wani ƙaƙƙarfan raƙumi buhu biyu na abinci da kuɗi da tufafi, ya miƙa mata akala. Da wani ya ce ya yawaita mata, sai ya amsa da cewa yana tuna mahaifinta da ɗan'uwanta suna tsare da wata ganuwa tsawon lokaci har aka buɗe ta. A lura, abin da ya amfani wannan mata shi ne samun wanda ya san mahaifinta a fagen fama, kuma bai manta ba.

A wannan zamani ƙasar da tsofaffin sojojin ruwa suka fi shahara da irin wannan haɗuwa ita ce Amurka, inda jirage masu yawa suke da ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikatansu da ke taro shekara-shekara. Hikima kayan mumini ce da ta ɓace, inda ya tsince ta ya fi kowa cancantarta. A ranar 30 ga Yuli 1945 wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya nutsar da jirgin yaƙin USS Indianapolis. Cikin mutum kusan 1,200 da ke ciki, 316 ne kawai suka tsira, bayan kwana huɗu suna yawo a kan ruwa cikin ƙishirwa da farmakin kifayen shak. Rundunar ta gurfanar da kyaftin ɗin jirgin, Charles McVay, a kotun soja, ta ɗora masa laifi. Waɗanda suka tsira suka soma taro a birnin Indianapolis a 1960, suka gayyace shi, suka tsaya a kan cewa an zalunce shi. Ya mutu a 1968 da wannan tabo a kansa, amma ba su saki maganar ba, har majalisar dokokin ƙasar ta wanke shi a shekarar 2000, bayan shekara 55 da nutsewar jirgin.

Misali na biyu ya fi kusa da batun lafiya. A yaƙin Biyetnam sojojin Amurka sun yi feshin wani maganin kashe ganyaye da ake kira Agent Orange, mai ɗauke da gubar dayoksin. A 1991 aka yi dokar da ta ce duk tsohon sojan da ya yi aiki a can, idan ya kamu da wasu cututtuka da aka lissafa, za a ɗauka gubar ce sanadi ba tare da an nemi ya kawo hujja ba. Amma daga 2002 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta taƙaita abin ga waɗanda suka taka ƙasa ko suka shiga kogunan cikin ƙasar, aka bar waɗanda suka yi aiki a jiragen da ke gaɓar teku. Su kuwa suna kafa hujja da cewa ruwan tekun nan suke tacewa su sha, su yi girki, su yi wanka. Suka yi ta fafutuka har wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a watan Janairu 2019, a shari'ar Alfred Procopio, wanda ya yi aiki a jirgin USS Intrepid. A watan Yuni na shekarar aka sanya hannu a dokar da ta shigar da duk wanda jirginsa ya yi aiki a cikin mil 12 na teku daga gaɓar ƙasar tsakanin 1962 da 1975.

Haka batun asbestos yake, wanda aka daɗe ana naɗe bututu da tukwanen injin jirage da shi don tare zafi. Ƙurarsa takan haifar da sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 50. A lokacin mutum ya tsufa, takardu sun ɓace, jirgin ma an daɗe da yanka shi an sayar da ƙarfen. Shi ya sa hukumar can take karɓar rubutacciyar shaidar abokin aiki a cikin hujjojin mai neman haƙƙi. Wanda ya yanke hulɗa da abokan jirginsa, ya yi asarar shaidunsa.

Kawo waɗannan misalai ba yabon yaƙoƙin ba ne. Indianapolis shi ne ya kai kayan haɗa bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima, kuma talakawan Biyetnam sun fi kowa ɗanɗana kuɗar Agent Orange, har a jikin 'ya'yan da aka haifa bayan yaƙi. Darasin da muke ɗauka shi ne yadda marasa ƙarfi suka haɗa kai har hukuma ta saurare su.

A nan gida, rundunar sojan ruwan Najeriya ta samo asali tun 1956, kuma akwai 'ya'yan Arewa da suka yi aiki a cikinta, suka dawo Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, nesa da teku, nesa da abokan aikinsu da suka watsu a Legas da Fatakwal da Kalaba. Akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG tun daga 1990, ga kuma matasan da suke dawowa da raunuka daga yankin Tafkin Chadi. Akwai ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa, akwai hukumar fanshon soja, akwai tsarin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro. Duk da haka mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatun gwamnati a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Wanda ya iya zuwa Abuja ma da sauran ƙarfinsa. Abin tausayi shi ne wanda ke kwance a ƙauye, bai san an yi tantancewa ba, bai san yana da damar ganin likita ba, babu kuma mai kiransa ya sanar da shi.

Za a sami mai cewa mumini ya dogara ga Allah, ya bar bin ofis-ofis. Amsarmu ita ce, Annabi ya yi umarni da neman magani, kuma karɓar abin da doka ta tanadar wa mutum bayan ya ba da ƙuruciyarsa ba roƙo ba ne, bashi ne da ke kan hukuma. Wani kuma zai ce inshora haramun ce. A nan akwai bayani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, amma ta halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta. Daga cikin abin da malamai suke kafa hujja da shi har da halin Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa ɗin nan: idan guzurinsu ya yi ƙaranci a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya ragu a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi ya yabe su har ya danganta kansa da su. Asusun da abokan aiki za su riƙa zuba wani abu duk wata domin wanda ciwo ya kayar, a kan wannan turba yake.

Saboda haka muna kira ga tsofaffin sojoji, na ruwa da na ƙasa da na sama, kowane rukuni ya nemo mutanensa. A buɗe littafi a rubuta sunan kowa da lambar aikinsa da jirgi ko bataliyar da ya zauna da shekarun da ya yi, da sunan magajinsa. A sa rana ɗaya a shekara ta haɗuwa, a sa waɗanda za su riƙa zagaya marasa lafiya da zawarawa. Kada a ware abokin aiki don addininsa ko yarensa, domin haƙƙin abota da na maƙwabtaka sun game Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Ku kuma ɗalibai da 'ya'yan gida, wannan aiki naku ne. Ku zauna da baba ko kaka ku rubuta inda ya yi aiki da irin aikin da ya yi, ko a ɗakin inji ne ko a wurin manyan bindigogi, domin likita yana buƙatar sanin haka. Ku ɗauki hoton takardar sallamarsa da ta fansho ku adana a waya da wani wuri daban. Ku nemo masa lambobin abokansa, ku raka shi wurin tantancewa. Kyautata wa abokan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya ga mahaifi, ko bayan ransa.

Limamai da kwamitocin masallatai su san tsofaffin sojojin unguwarsu. Wanda talauci ko bashin magani ya danne a cikinsu ya shiga sahun masu cin zakka, kuma irinsu sukan ɓoye buƙatarsu saboda sabo da juriya. Hukuma kuma ta sani cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Ta sauƙaƙa tantancewa ga wanda ba ya iya tashi, ta kai kulawa kusa da inda mutanen suke zaune, ta adana kundin jirage da na rundunoni yadda mai neman hujja zai same ta.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, shaida amana ce. Ɓoye ta zunubi ne, ƙaga ta kuma yana cikin mafi girman kaba'irai. Kada son aboki ya sa wani ya rantse cewa ya ga abin da bai gani ba, ko a bar sunan mamaci a takardar fansho ana ci. Duk ƙaryar da aka kama, masu gaskiya ne za su biya kuɗinta da ƙarin tsanani. Na biyu, taron zumunci kada ya koma wurin shaye-shaye da alfahari da jinin da aka zubar. A tsayar da salla a kan lokacinta, a yi wa waɗanda suka riga mu addu'a, a nemi gafarar abin da aka yi kuskure a bakin aiki, a tashi da sunan wanda za a kai asibiti gobe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sanya mu cikin masu cika alkawari da riƙon zumunci. Amin.