Wanda Rufinsa Ke Yoyo Shi Ya Fi Cancanta

 Muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa masu karatu zuwa ga wani tsari na gwamnatin Amurka, domin akwai abin lura a cikinsa, da kyakkyawa da kuma abin zargi.

A shekarar 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka man fetur saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin Oktoba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, talakan ƙasar kuwa ya tarar da cewa ɗumin da yake saye da tsada a lokacin hunturu yana zurarewa ta tsagar bango da bakin taga. Saboda haka a 1976, zamanin shugaba Gerald Ford, aka kafa dokar gyara gidajen marasa ƙarfi kyauta, aka kuma gabatar da tsofaffi da naƙasassu, daga baya kuma da iyalai masu ƙananan yara, a kan sauran mabuƙata.

Aikin ba a yinsa da ka. Ma'aikaci yakan kafa babbar fanka a bakin ƙofa ta zuƙe iskar gidan, sai kafofin da sanyi ke shigowa su bayyana, a toshe su. Sa'an nan a shimfiɗa wani abu mai kama da auduga a cikin rufi da bango, wanda yake tare zafi da sanyi, a kuma duba murhun ɗumama ɗaki kada ya riƙa fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Gidaje fiye da miliyan 7 suka amfana, kuma a 2021 majalisa ta ƙara wa shirin dala biliyan 3.5.

Haƙiƙa gabatar da naƙasasshe adalci ne. Mai lafiya yakan fita da safe ya bar ɗaki a kashe. Wanda cuta ta kwantar kuwa nan yake wuni, nan yake kwana, wani ma numfashinsa ya rataya ne ga na'ura mai cin lantarki. Kuma lamarin bai tsaya ga kuɗi ba. A watan Yuli na 1995 zafi ya kashe mutum fiye da 700 a birnin Chicago, galibinsu tsofaffi matalauta da ke zaune su kaɗai.

To, ga inda muke da magana. Ƙa'idar shirin ta tanadi cewa kowane gyara sai ya mayar da kuɗinsa ta hanyar ragin da zai kawo. Idan ma'aikaci ya tarar da rufi yana yoyo, ko bango ya yi fumfuna, ko wayoyin lantarki sun lalace, sai ya rubuta an jinkirta aiki har mai gida ya gyara, ya kama hanyarsa. Da wane kuɗi zai gyara, alhali rashin kuɗin ne ya sa ya nemi taimako? Ta haka wanda ya fi kowa buƙata ya zama shi ne ake tsallakewa. Sai a 2022 aka ware asusu na musamman don irin waɗannan gidaje, dala miliyan 15, wato abin da bai taka kara ya karya ba idan aka auna shi da biliyoyin nan. Ɗan haya kuma, ko ya cancanta, sai mai gida ya yarda.

Duk da wannan aibi, muna ganin gyaran gida ya fi rabon kayan masarufi, domin buhun shinkafa yana ƙarewa, rufi mai kyau kuwa yana nan shekaru. Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, rabon hatsi da kuɗi aka fi ji. Mu matsalarmu zafi ce: ɗakin kwano marar sili a watan Afrilu, da gurgu ko tsohuwa a ciki. Muna kira ga gwamnatocin jihohi su ware kaso daga kuɗin tallafi don sa sili da buɗe tagogi a gidajen gajiyayyu, su kuma rubuta tun daga farko cewa gidan da rufinsa ya lalace da shi za a fara.