Littattafan Binciken Kisa da Rarrashin Zuciyar Mai Makoki

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce. Idan aka yi rasuwa a gida, dangi da maƙwabta sukan taru a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Daga nan kowa sai ya kama gabansa, a bar mai rashi shi kaɗai da dogon dare. A irin wannan lokaci ne ake samun wasu masu karatu da kan koma ga littattafan binciken kisa, watau ƙagaggun labaran da ake kashe mutum a farkonsu, wani gwani ya bi sawu har ya gano mai laifi. Wasu na ganin wannan ƙeƙasar zuciya ce, suna cewa yaya wanda ya rufe uwarsa jiya zai zauna yana karanta labarin gawa? Wannan zargi bai yi wa irin waɗannan littattafai adalci ba.

Tarihinsu ma shaida ne. Sun bunƙasa ne a Ingila tsakanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, bayan Birtaniya ta yi asarar sojoji fiye da 700,000, sannan annobar murar 1918 ta ɗora nata. Da wuya a sami gidan da bai yi kuka ba, amma kuma jama'ar suka rungumi wannan adabi hannu bibbiyu. Agatha Christie, wadda ta fi kowa shahara a fannin, ta rasa mahaifinta a 1901 tana 'yar shekara 11. Ta yi aikin jinyar sojoji a garin Torquay lokacin yaƙi, kuma a 1920 aka buga littafinta na farko, wanda ya fito da Hercule Poirot, mai binciken nan ɗan Beljiyam. A 1926 mahaifiyarta ta rasu, ga kuma aurenta yana tangal-tangal, har ta ɓace kwana 11 kafin a same ta a wani masauki a Harrogate. Ashe ke nan marubuciyar ta san zafin rashi ciki da waje.

Dalilin samun sauƙin a fili yake. Mutuwar gaske tana barin tambayoyi marasa amsa: da an kai shi asibiti da wuri fa? Da an hana shi tafiyar fa? Wannan da-na-sani shi ke hana barci. A littafin bincike kuwa, kowace tambaya tana da amsa. Mutuwar tana da sanadi, sanadin yana da mai shi, kuma kafin shafin ƙarshe an kama shi, gari ya koma zaman lafiya. Bugu da ƙari, labarin tamkar kacici-kacici yake: yana neman mai karatu ya lura da wa ya shiga ɗaki, ƙarfe nawa agogo ya buga, wa ya yi ƙarya. Zuciyar da ta shagala da wannan lissafi ta sami hutun sa'a guda daga tunanin mamaci, kuma sa'a guda ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya kwana bakwai bai runtsa ba.

Sai dai akwai iyaka. Littafi ba ya maye gurbin addu'a da haƙuri da ziyarar 'yan'uwa, kuma labaran da suka cika bayanin jini da azabtarwa sai su fama ciwon. Wanda ya ɓuya a cikin karatu watanni, ya ƙi fuskantar rashinsa, jinkirta kukan kawai ya yi.

Saboda haka ya kamata malamai da ɗaliban adabi su daina yi wa wannan reshe kallon karatun ɓata lokaci. Ya cancanci nazari a aji, ya kuma cancanci alƙalamin marubutan Hausa. Wanda kuwa ya je gaisuwa bayan arba'in ya tarar da mai rashi riƙe da irin wannan littafi, kada ya yi masa faɗa. Ya zauna, ya tambaye shi wa yake zargi.