Tasawa da Mayahi: shagunan gilashi na ƙaruwa, babu mai tambayar irin gilashin

Duk wanda ya biyo babbar hanya mai lamba 1 daga Maradi ya shiga Tasawa, tafiyar kusan kilomita 120, zai lura fuskar shaguna ta fara canjawa. Inda a da ake ganin ƙofar ƙarfe ko ta kwano, yanzu aluminiyam ne da gilashi: kantin magani, shagon salula, wurin aika kuɗi, ofishin gidan mai. A Mayahi ma abin na shiga a hankali. Mai saye na hango kaya tun daga titi, ƙurar hunturu na tsayawa waje, shago kuma ya yi kama da na Yamai. A cinikin da ake yi tsakanin mai shago da mai haɗa aluminiyam, ana maganar faɗi da tsawo da launi da farashi. Yadda gilashin zai fashe ranar da ya fashe ba ya shiga cikin cinikin.

Direbobin tashar Tasawa sun riga kowa sanin bambancin, ko da ba su san sunansa ba. Gilashin gaban mota, in tsakuwa ta same shi, sai ya tsattsage kamar yanar gizo amma ya tsaya a wurinsa, har a yi wata da watanni ana jigila da shi haka. Na gefen ƙofa kuwa zubewa yake yi kamar gishiri. Na farkon shi ne gilashi mai rufi biyu, wanda ake kira verre feuilleté da Faransanci: gilashi biyu ne aka manne da siririyar roba mai suna PVB a tsakiya, ita ce ke riƙe gutsattsarin. Na biyun gasasshe ne, ya fi gilashin gama-gari ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. Akwai na uku, wanda babu mai ƙera motar da zai yarda ya sa shi a yau, wato gilashin gama-gari, mai fashewa dogaye-dogaye kamar wuƙaƙe. Shi ne mafi araha, shi ne kuma ake yanka wa mai shago in bai faɗi wanda yake so ba.

Fasahar ta haura shekara ɗari. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya yi mata rajista a 1909. A yau ana sayar da gilashin da lamba. Idan aka ce 44.2, ana nufin gilashi biyu masu kaurin milimita 4 kowanne, da roba ninki biyu, kowane ninki milimita 0.38. A ma'aunin Turai mai lamba EN 356, ana sako masa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 4.11 daga sama, sau uku. Wanda ya hana ƙarfen wucewa daga tsayin mita 3 ana ba shi matsayin P2A. Manyan matsayi, na bankuna da masu sayar da zinariya, da gatari ake gwada su.

Abin da ya sa maganar ta shafi waɗannan gundumomi biyu shi ne waɗanda ke tsayawa a gaban gilashin. Bakin shago a nan wurin zama ne: yara masu talla, almajirai, ƴan kabu-kabu da ke jingine babur, awakin da ke ganin hotonsu su kai karo. Ga kuma guguwar farkon damina, wadda ke kwashe kwano ta yi jifa da shi. Gilashin gama-gari mai tsayin mita biyu in ya faɗo wa yaro, wuya da cinya da hannu yake samu, kuma babbar jijiyar jini in ta yanke, mintuna kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa. Tasawa da Mayahi kowace na da asibitin gunduma, amma rauni mai tsanani Maradi ake turawa, kimanin kilomita 90 daga Mayahi. Wanda abin ya same shi a Urafan ko Kanambakashe, tafiyarsa ta fi haka. Likitocin Beirut sun ga wannan a babban sikeli ranar 4 ga Agustan 2020, lokacin da tashar jiragen ruwan birnin ta fashe: mutum fiye da 200 suka mutu, dubbai suka ji rauni, da yawansu tarwatsattsen gilashin gidaje da ofisoshi ne ya yanke su.

Mai haɗa aluminiyam yana da nasa dalilan. Nijar ba ta da masana'antar gilashin gini, duk shigo da shi ake yi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyaka da Benin ke rufe, kayan da ke zuwa daga tashar Lome sai sun ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Iyaka da Najeriya ta buɗe a Maris ɗin 2024, abin da ya sauƙaƙa wa ƴan kasuwar jihar Maradi hanyar Kano da Katsina. Ko ta ina ya biyo, nauyi kuɗi ne: murabba'in mita ɗaya na 44.2 ya kai kilo 21, na gama-gari mai milimita 5 kuwa kilo 12 da rabi. Yankansa ma aiki ne, sai an ja layi gaba da baya sannan a raba robar, kuma firam mai arha ba ya ɗaukar nauyinsa. Wanda ya kawo maganarsa a ciniki, farashinsa zai ɗara na maƙwabcinsa, aikin ya kuɓuce masa. Saboda haka yakan yi shiru.

Nan ne hukuma ke da abin yi. A Faransa, inda injiniyoyin Nijar ke aron yawancin ƙa'idojinsu, ƙa'idar DTU 39 ta wajabta gilashin kariya a ƙofofin wuraren da jama'a ke shiga da kuma gilasan da ke maƙwabtaka da ƙofar. Nijar na da dokar gini da muhalli ta 27 ga Afrilun 2018, tana da hukumar kula da ma'auni da ingancin kaya, ANMC, izinin gini kuma a ma'aikatar magajin gari ake neman sa, wadda tun Afrilun 2024 ke hannun kantomomi. Sai dai gaban shago na gilashi sau da yawa daga baya ake ƙara shi a tsohon gini, babu takarda, babu mai zuwa dubawa. Gwamnati ta nuna tana iya shiga harkar kayan gini in ta ga dama, tun da ta rage farashin siminti a Oktoban 2024 bayan ambaliyar damina. An kuma san yadda ƙa'idar gini ke zuwa a ƙasar: sai da gobarar 8 ga Nuwamban 2021 ta kashe yara fiye da 20 a wata makarantar Maradi kafin a hana azuzuwan zana ga ƴan renon yara.

Ya kamata a faɗi abin da gilashin ba ya yi, don masu talla ba za su faɗa ba. Yana tare kusan kashi 99 cikin ɗari na hasken da ke koɗar da atamfa da kwalin magani, amma ba ya hana zafin watan Afrilu shiga. Shagon da ke kallon yamma zai gasu ko da wane gilashi aka sa, in babu rumfa. Ɓarawo yana jinkirta shi ne kawai. Abin da ya fi haɗari, ƙarfin da ke hana shi zubewa shi ne zai hana mutum fasa shi ya fita ranar gobara. Shago mai ƙofa ɗaya, ga gilashi mai rufi biyu, ga ƙarafa a taga, tarko ne in babu ƙofar baya.

Kuma ba dukan bango ke buƙatarsa ba. Ƙofa, gilasan gefenta, da duk wanda ya sauko ƙasa da ƙugun babba, su ne wuraren da jiki ke karo da su; ƙananan tagogin sama za su iya zama yadda suke. Kantoman Tasawa ko na Mayahi zai iya sa wannan sharaɗi ga kantunan magani, makarantu masu zaman kansu da wuraren aika kuɗi, inda layi ke taruwa ranar kasuwa, ba sai ya jira sabuwar doka daga Yamai ba. Mai shagon da ya biya kuɗin mai rufi biyu kuma zai iya tabbatar da abin da aka kawo masa kafin a sa shi a firam: in ya dubi bakin gilashin, zai ga layi uku, gilashi biyu da siririyar roba a tsakaninsu.