Masu rubuta manhaja da ƙirƙirarriyar basira: a rungume ta ko a yi taka-tsantsan?

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, sana'ar rubuta manhajar kwamfuta ta shiga wani sabon yanayi. A watan Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sabbin umarnin manhajar kamfanin na'ura ce ke rubuta su, sannan injiniyoyi su duba. A shekarar 2025 kuwa Microsoft ya sallami ma'aikata kusan 6,000 a watan Mayu, ya ƙara da kimanin 9,000 a watan Yuli, yayin da yake zuba biliyoyin daloli a wannan fasaha.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne sabbin shiga. Ƙananan ayyukan da a da ake ba matashi ya koyi sana'a da su, kamar gyaran ƙananan kurakurai da haɗa shafin intanet mai sauƙi, yanzu manhajoji irin su GitHub Copilot na yin su cikin mintuna. Matashin da ke Yamai ko Maraɗi yana neman kwangila ta intanet yana gogayya da takwarorinsa na Indiya da Kenya masu amfani da waɗannan kayan aiki. In ya ƙi su, farashinsa zai yi tsada, aikinsa ya yi jinkiri.

Sai dai na'urar ba ta maye gurbin ilimi ba. Wani gwaji da cibiyar METR ta Amurka ta wallafa a watan Yulin 2025 ya nuna cewa ƙwararrun da suka yi amfani da ita sun ɗauki ƙarin lokaci da kashi 19 cikin ɗari, alhali suna ganin kamar sun fi sauri. Lokacin ya tafi ne wajen jira da dubawa da gyara abin da ta rubuta. Wanda bai san tushen aiki ba, ba zai gane inda ta yi kuskure ba, kuma kuskure a manhajar banki ko ta aika kuɗi ta wayar salula asarar dukiyar jama'a ce.

Tsohon ilimi ma bai mutu ba. Harshen COBOL na 1959 har yau yana aiki a manyan bankuna, kuma a 2020 sai da jihar New Jersey ta yi cigiyar masu iya shi.

Abin da kasuwa ke nema yanzu shi ne mai haɗa biyun: ya san tushe, ya kuma iya sarrafa sabbin kayan. Nauyin ya rataya a kan jami'o'i da cibiyoyin horo su sabunta darussansu, a kan kamfanoni kuma su ci gaba da ɗaukar matasa, domin in ba a horar da ƙanana yau ba, babu ƙwararrun da za su duba aikin na'ura gobe.