Ciwon Hanta: Ƙwayar Bitamin D Ba Za Ta Fisshe Mu Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, magana ta bazu cewa wai bitamin D na warkar da taurin hanta, yana kwantar da kumburi, yana kuma gyara hanji. Kafin talakan Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya sayar da akuyarsa ya nufi kemis, wajibi ne mu da aka ilimantar mu tace masa gaskiya.

Fata ce ke ƙirar wannan bitamin daga hasken rana, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa. Idan hanta ta taurare, galibi yakan ƙaranta a jiki, ƙashi ya yi rauni. Saboda haka likita kan ba da shi bayan awon jini, kuma yana da amfani. Amma batun kumburi da hanji, masana na kan bincike har yanzu, kuma ba ya mayar da hantar da ta riga ta lalace. Yawan shansa ma yakan cuci ƙoda.

To, ina tushen cutar? Na farko, ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya suna ɗauke da ita. Tana bin jini: daga uwa zuwa jariri, ta askar wanzami guda da ta zaga kawuna goma, ta allurar da ba a sauya ba. Na biyu, dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Ƙasar da jirgi ya riƙa kwasar gyaɗarta daga tashar Ƙaura bai kamata a koya mata shanya ba, amma sakaci ya shigo.

Tun 2004 allurar rigakafin wannan cuta ke cikin alluran yara a Nijeriya, kuma ta farko ana son yin ta cikin awa 24 da haihuwa. Jarirai nawa ake haifa a ƙauyukan da tashin hankali ya rufe musu asibiti?

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara ta sauƙaƙa awon jini a manyan asibitocin garuruwan nan uku. Mu kuwa, hutu na zuwa: mu fara auna kanmu, mu zauna da wanzamai da ungozomomi, mu raka mai jego wurin allura. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace.