Wasiƙa ga Masu Gyaran Firji da AC na Kudancin Kano

Zuwa ga masu gyaran firji da AC na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa.

Idan bazara ta kankama, zafi kan haura digiri 40 a ƙasar Kano, kuma kuka ɗaya ake kawo wa mai gyara: na'ura tana ruri, amma ba sanyi. Sai ka ji an ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Alhali gas ba man janareta ba ne da ake ƙonawa; zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai yoyo. Duk wanda ya ɗura sabo bai bi bututun da kumfar sabulu ya liƙe wurin ba, ya karɓi kuɗin aikin da bai yi ba.

Kamata ya yi mai gyara ya fara da injin waje. Aikin AC kwashe zafin ɗaki ne ta zubar a waje, kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussukar masara da shinkafa, a yankin noma irin wannan, sukan toshe ragar da zafin ke fita. Wanki da ruwa, tsabtace filta, da yi wa injin inuwa ba tare da tare masa iska ba, sau da yawa sun wadatar.

In kwamfireso yana gurnani ya ƙi tashi, a duba kafasita, ko ta kumbura. A kuma auna wutar KEDCO da mita, domin in ta faɗi ƙasa da volt 230 sosai, injin zai yi zafi ya kashe kansa.

Firjin gwanjo daga Turai kuwa, a karanta takardar jikinsa. Mai alamar N an ƙera shi ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai T kuma har 43. Mai sayar da ƙanƙara a Kwanar Dangora ya cancanci a gaya masa wannan gaskiyar kafin ya sake kashe kuɗi. Takardar ce kuma ke faɗin irin gas ɗin: R600a yana kama wuta, ba a kusantarsa da walda sai an zuƙe shi tas. Firjin allurar rigakafi na asibitin ƙauye kuwa dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, don haka kada a tafi sai an auna an tabbatar.