Matasa masu ƙera manhaja a Nijar: tallafin waje ya ja baya, saura kasuwar gida

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, lokacin da Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da wani ɓangare na taimakon da suke bai wa Nijar, matasan da ke kafa ƙananan kamfanonin manhaja suka shiga wani sabon yanayi. A da, da yawansu na dogaro da gasa da kyaututtuka da kuɗin ƙungiyoyin waje. Yanzu tambayar ita ce: wa zai sa hannu a aljihu ya biya aikinsu?

Cibiyar CIPMEN, wadda aka buɗe a Yamai a 2014 domin renon sababbin kamfanoni, ta horar da matasa masu yawa, kuma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi na yaye ɗalibai kowace shekara. Ilimin yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin mai saye.

Misalin Abdou Maman Kané na da darasi a nan. Ya ƙirƙiro na'urar ban ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfon lambunsa ko ya kashe shi da wayar salula, ba sai ya je wurin ba. Aikin ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011, sannan babbar kyautar Sarki Hassan na Biyu kan harkar ruwa a 2015. Ya fara ne daga wahalar da mai lambu ke sha kullum, kuma ya yi amfani da ƴar ƙaramar wayar da ke hannun kowa.

Duk mai son sayar da manhaja a Saye Sabuwa ko Agye ko Gazawa, wannan hanya ce gabansa. Manomin gero da wake da gyaɗa da aya yana son sanin farashin tiya a kasuwar Cadawa ko ta Maraɗi kafin ɗan kasuwa ya iso ƙofar gidansa. Sai dai yawancin manoman ba sa karanta Faransanci, wasu ma ba sa karanta Hausar boko. Shi ya sa hukumar RECA mai kula da majalisun manoma ta zaɓi kiran waya da saƙon murya na WhatsApp cikin harsunan ƙasa wajen ba da shawara. Manhajar da ba ta jin Hausa, ko take cin kuɗin intanet da yawa, ba za ta wuce birni ba.

Darasi na biyu shi ne amana. Kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana sun fara da buɗe rassa a tashoshi da kasuwanni, mutane suka saba da ganin ma'aikacinsu ido da ido, daga baya manhajarsu ta waya ta biyo. Haka M-Pesa ta yi a Kenya tun 2007, da taimakon masu shaguna. Ƙaramin kamfani ba shi da wannan ƙarfi, amma yana iya haɗa kai da ƙungiyar manoma guda ko dillalai kaɗan, ya gwada aikinsa damina ɗaya, ya gyara, kafin ya faɗaɗa.

Akwai kuma lissafin wurin. Cinikin yankin Gidan Rumji na tafiya da sefa da naira a lokaci guda, don haka manhajar ajiye lissafi dole ta iya da duka biyun. Katsewar lantarkin Najeriya a watan Agustan 2023 ta nuna cewa aikin da ba ya tafiya sai da wuta da intanet yana iya tsayawa dare ɗaya.

Matasa na yawan ambaton Paystack na Legas, wanda Stripe ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Amma kafin masu zuba jari su waiwaye shi, akwai ƴan kasuwar da ke amfani da shi wajen karɓar kuɗi. Ga matashin jihar Maraɗi, manoma ɗari da ke biyan ɗan kuɗi kowane wata sun fi takardar yabo amfani, domin su ne za su riƙe kamfanin ranar da babu mai tallafi.